Kyamara marar madubi: kada a bar ta a kan oto

Tun da aka fara ganinmu da kyamara a wuya ranar gasar wasanni, tambaya ɗaya ake yi mana: nawa kuka saya? Ba tamu ba ce. Ta wani tsohon ɗalibi ce mai shagon ɗaukar hoto, yakan ara wa kulob ɗin jarida ita idan akwai taro, kuma shi ya koya mana yawancin abin da za ku karanta a nan. Irinta ake kira kyamara marar madubi. Abin da muke so mu nuna shi ne, tsadar kyamara ba ita ke ɗaukar hoto ba. Wanda ya bar ta a kan oto, wato ya bar ta tana zaɓar komai da kanta, bai fi mai riƙe da waya da komai ba, sai dai nauyi a wuya.

Wani zai ce ina ruwan ɗan ƙaramar sakandare da wannan. Ga ruwanmu. Duk wanda ya rubuta sunan Ƙanƙara a intanet ya nemi hotuna, abin da zai fi gani shi ne na watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a daren 11 ga wata. Zai ga takalman da aka bari a ƙasa, da iyaye tsaye a bakin ƙofar makaranta. Mu muna firamare a lokacin. Idan ya rubuta Faskari ko Sabuwa, shi ma labarin hari zai fi cin karo da shi. Hotunan nan ba ƙarya ba ne. Amma baƙi ne suka ɗauke su, sun zo ranar tashin hankali sun koma. Ba wanda zai taso daga Abuja don ya ɗauki sussukar masara, ko tarin auduga, ko masunta a madatsar ruwan Mairuwa, ko 'yan ajinmu suna gwaji a ɗakin kimiyya. Idan ba mu ɗauka ba, ba mai ɗauka. Kuma idan muka ɗauka ya fito baƙi ƙirin ko biji-biji, ba mai tsayawa ya kalla.

Ina madubin ya tafi?

Manyan kyamarori na da suna da ɗan madubi a ciki. Haske yana shiga ta gilashin gaba, ya bugi madubin, madubin ya tura shi sama zuwa tagar da ake leƙawa. In an danna, madubin ya ɗaga, haske ya wuce ya faɗa kan allon da ke karɓar hoto, wanda masu sana'ar ke kira sansa. Ɗagawar nan tana cikin abin da ke ba da ƙarar ƙarass da muke ji a wurin biki. A 2008 kamfanin Panasonic ya fitar da Lumix G1, wadda ake sauya mata gilashin gaba amma ba madubi a cikinta. Sony ya fitar da A7 a 2013, Canon da Nikon kuma suka shigo da ƙarfi a 2018.

Cire madubin ya sa kyamara ta rage girma, amma ba wannan ne babban amfanin ba a wurinmu. Yanzu tagar leƙen ƙaramar talabijin ce, tana nuna abin da sansa ke gani. Idan ka sauya saiti, nan take za ka ga hoton ya ƙara haske ko ya yi duhu tun kafin ka danna. Ga mai koyo, wannan kamar malami ne tsaye a kanka yana duba aikinka tun kana rubutawa.

Abubuwa uku masu riƙe da haske

Ku ɗauki kyamara a matsayin ɗaki mai duhu mai taga ɗaya. Hasken da zai shiga ya danganta da faɗin tagar da kuma daɗewar da ta yi a buɗe.

Faɗin tagar shi ake rubutawa da harafin f, kamar f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Nan ne kowa ke rikicewa, domin ƙaramar lamba ita ce babbar taga. Amma wanda ya saurari darasin lissafi ya san ɗaya bisa huɗu ta fi ɗaya bisa goma sha shida, to haka abin yake. Duk tsallake ɗaya a jerin nan, daga f/4 zuwa f/5.6 misali, rabin hasken ya tafi. Sannan akwai wani aikin da take yi. Babbar taga tana fitar da mutum ɗaya tar, bayansa ya narke, irin hoton amare ke nan. Idan kuwa hoton 'yan aji ne an jeru sahu uku, ka sa f/2.8, na gaba za su fito, na baya su zama kamar ana hango su cikin hazo. A nan f/8 ake so.

Daɗewar buɗewa kuma da ɓangaren daƙiƙa ake auna ta. 1/60 na nufin daƙiƙa ɗaya an raba ta gida 60 an ɗauki ɗaya. Mutumin da ke tsaye yana jawabi, 1/125 ta ishe shi. Masu tseren mita 100 ko 'yan ƙwallo sai 1/500 zuwa 1/1000, doki a guje ranar hawa shi ma 1/1000. Idan aka yi ƙasa da 1/60 kuma kyamara tana hannu, rawar hannun mai ɗauka kaɗai tana iya ɓata hoton, ko da wanda ake ɗauka ya tsaya kamar gunki. Sai a jingina da bango, ko a ɗora ta a kan benci.

Na ukun shi ne ISO, kuma ba ya ƙara hasken da ke shiga. Yana kama da ƙara murya a rediyo idan tasha ba ta kamawa sosai: maganar ta ƙaru, amma shuuu ɗin ma ya ƙaru. A hoto, shuuu ɗin shi ne ɗigo-ɗigo kamar an watsa tsaki. Da rana a fili ISO 100 ko 200, a cikin aji 800 zuwa 1600, bayan magariba 3200 ko fiye. A ra'ayinmu hoto mai tsaki-tsaki ya fi hoto mai biji-biji sau goma, domin a na farko ana gane fuska. Don haka in wuri ya yi duhu kada a ji tsoron ɗaga ISO.

Ba dole ba ne a riƙe ukun duka a lokaci ɗaya. A saman kyamara akwai ɗan kewaye mai haruffa da ake murzawa. A kan A, kai ke zaɓar faɗin taga, ita ta zaɓi sauri. A kan S, kai ke zaɓar sauri. Canon suna rubuta nasu Av da Tv. M kuwa komai a hannunka yake. Mu dai shawararmu ita ce A ranar taro, S ranar wasanni, M kuma a bar shi sai ranar da ba a gaggawa.

Matsalar farin kaya

Wannan ita ce ta fi shafar mu, kuma ita ce oto ba ta iya warwarewa. Kyamara ba ta san abin da take kallo ba. Tana auna hasken wurin ne ta yi ƙoƙarin mai da shi tsaka-tsaki, ba fari sosai ba, ba baƙi sosai ba. To ku duba ranar Juma'a ko ranar Sallah a garuruwanmu: farar shadda, farin rawani, farin hijabi, ga rana tsaka. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage haske. Shaddar ta koma ruwan toka, fuskokinmu kuma, da yake mu baƙaƙe ne, su nutse gaba ɗaya, sai haƙora da idanu. Haka za ta yi wa tarin auduga, haka za ta yi wa farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara.

Maganin ɗan maɓalli ne mai alamar tarawa da ɗebewa. A matsa shi zuwa +1 ana kallon tagar leƙe har fuskar ta bayyana. Haka ma idan mutum ya tsaya a bakin ƙofar aji hasken waje yana bayansa. Amma kada a wuce gona da iri, domin idan fari ya ƙone aikin ɗinkin da ke wuyan riga ya ɓace ke nan, ba mai dawo da shi. Wasu kyamarorin suna da saitin da ke zana layi-layi kamar jikin jakin dawa a kan duk inda ya ƙone. A kunna shi.

Wani lokacin ba maɓalli ake bukata ba, ƙafa ake bukata. Ranar tsaka tana sa inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hula, kowa ya yamutse fuska. A matsar da mutane inuwar bedi, fuskarsu tana kallon fili, a ɗauka. In da hali a jira bayan la'asar ko a yi da sassafe, lokacin da haske ke zuwa ta gefe. Mutumin da ya fi kowa muni a hoton azahar sai ka ga ya zama ango da yamma.

Akwai kuma saitin da ke neman idon mutum ya kafa a kansa, ko da mutumin yana motsi. A kunna shi idan mutum ɗaya ko biyu ake ɗauka. A cikin cunkoso yakan kama idon wanda ba shi ake nufi ba, sai a koma ɗigo ɗaya a ɗora shi a kan fuskar da ake so.

Hunturu da batir

Rashin madubi yana da farashinsa. A tsohuwar kyamara madubin yana tsaye a gaban sansa. A wannan, yawanci da ka cire gilashin gaba ga sansa nan tsirara tana kallonka. Ku tuna ƙurar da ke kwanciya a kan bencinmu daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙwaya ɗaya ta sauka a kai, duk hoton da aka ɗauka daga ranar zai fito da tabo a wuri ɗaya, musamman a sararin sama. Saboda haka ba a sauya gilashi a fili ko a kan babur. A shiga ɗaki, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a yi da sauri. Ba a hura mata iskar baki, ba a goge ta da gefen riga ko hijabi. Akwai ɗan famfon roba da ake matsawa ya fitar da iska, shi ne nata. Mai son ya gwada ko ƙura ta shiga, ya sa f/16 ya ɗauki farin bango ya duba.

Batir ɗinta kuma ba ya daɗewa, tunda talabijin ɗin cikinta kullum a kunne take. A inda wuta ba ta tsayawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A rage hasken fuskar baya, a sa ta riƙa yin barci bayan minti ɗaya, a kashe Wi-Fi da Bluetooth sai lokacin tura hoto. Tura hoto daga kyamara zuwa waya ba ya cin data kuma ba ya bukatar sabis, tsakaninsu biyu ne kawai. Waɗanda suka tuna watannin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu a 2021 za su gane amfanin wannan. Sababbi da yawa suna karɓar caji ta USB, ke nan fawa bank ko sola ya wadatar.

Ɗauka ba ƙara

Tunda ba madubin da zai ɗaga, ana iya sa kyamarar nan ta ɗauki hoto shiru, ko ƙyas ba za a ji ba. Yana da amfani lokacin musabaƙar karatun Alƙur'ani ko muhawara, kada a raba hankalin mai karatu. Sai dai a ƙarƙashin wasu fitilun lantarki hoton yakan fito da ratsi-ratsi, saboda fitilar tana ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka 1/50 ko 1/100 yakan gyara shi.

Amma shirun nan yana sa a ɗauki mutum bai sani ba, kuma dokar kulob ɗinmu ta hana. Ana neman izini kafin a ɗauka, musamman iyayenmu mata da 'yan mata, kuma wanda ya ce a'a an gama magana. Ba ma ɗaukar shingen jami'an tsaro, ko motocinsu, ko inda suke kwana. Ba ma ɗaukar garken shanun wani, ko rumbunsa, ko ƙofar gidansa ta yadda za a gane wurin. Kowa a nan ya san dalili. Waya tana iya liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi ba tare da an gani ba, kuma idan aka haɗa ta da kyamara tana iya ba kyamarar wannan bayanin. A shiga saiti a kashe shi kafin a fita.

Mai son gwadawa da hannunsa ya ba sakataren kulob sunansa da ajinsa. Za mu fara da hoton farar riga a inuwa, mutum biyar-biyar, kuma kowa ya zo da hannu a wanke, ba maiƙon ƙosai.