Mai Juna Biyu Da Motsa Jiki: Darasi Daga Filin Tanis

A wannan fitowa za mu ɗauko darasi daga wasan tanis, wato wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da faifan raga, irin wanda aka daɗe ana shirya gasarsa ta Dala a Kano.

A watan Janairun 2017, shahararriyar 'yar wasan nan ta Amurka, Serena Williams, ta cinye babbar gasar tanis ta ƙasar Ostareliya, bayan ta doke yayarta Venus a wasan ƙarshe. Wannan shi ne babban kofinta na 23. Daga baya aka ji ashe tana ɗauke da cikin kimanin mako 8.

Ba cewa muke ki kwaikwaye ta ba, domin ita jikinta ya saba tun ƙuruciya. Abin lura shi ne, ciki ba ciwo ba ne. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki da ba ta da wata matsala ta riƙa motsa jiki na minti 150 a mako, kamar minti 30 a kwanaki 5. Yin haka na rage haɗarin hawan jini da ciwon suga na masu ciki. Zagaya tsakar gida da ɗan sauri, da shara, da tafiya gidan 'yan'uwa da ƙafa duk sun wadatar. Ma'auninsa shi ne ki iya yin hira kina cikin yi. Amma ɗaukar buhun albasa ko doguwar sussuka cikin rana wahala ce kawai. Ki tsaya nan take idan kin ga jini, ko ruwa ya zubo, ko jiri ya ɗebe ki. Ki fara tambayar ungozoma a wurin awo, domin akwai waɗanda ake hanawa, kamar wadda mabiyiya ta tare mata bakin mahaifa.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. Ranar 1 ga Satumbar 2017 aka yi wa Serena aikin gaggawa aka ciro 'yarta, saboda bugun zuciyar jaririyar ya yi ƙasa. Washegari numfashi ya soma gagarar ta. Da yake jini ya taɓa daskare mata a huhu a 2011, ta gane alamar, ta nace sai an yi mata hoton ƙirji. Hoton ya nuna gudajin jini a huhunta, aka sa mata maganin tsinka jini, Allah Ya yi da sauran kwana.

Me ke kawo haka? Lokacin goyon ciki jini kan ƙara saurin daskarewa don kada ya zuba da yawa wurin haihuwa, ga nauyin mahaifa yana danne jijiyoyin ƙafa. Idan aka haɗa da yawan kwanciya, sai gudan jini ya taru a ƙafa, ya ɓalle ya tafi huhu. Haɗarin ya fi yawa a mako 6 na farko bayan haihuwa, wato kusan kwana arba'in na jego, musamman ga wadda aka yi wa aiki. Saboda haka mai jego ta riƙa tashi tana takawa, tana shan ruwa sosai.

Ki kula da waɗannan alamu: ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, musamman sha-raɓa, numfashi ya riƙa sarƙewa haka kawai, ciwon ƙirji, tari da jini. Kada a tsaya murza ƙafar ko gasa ta da ruwan zafi.

Maigida, nan kuma aikinka ne. Ko kuna Kimba, ko Aliero, ko ƙauyukan Maiyama, ka san motar da za ka nema ko da tsakar dare, ka ajiye kuɗin mai, ka kuma bar izinin a kai ta asibiti ko ba ka nan. Idan an zo, uwargida, ki faɗi abin da kike ji dalla-dalla, kada kunya ta rufe miki baki. In ba a ji ba, ki sake faɗa.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za a samu.