Kilishi a Hannun Kwastan: Tsarabar da Ba Ta Isa ga Masu Ita

Da an ji wani zai koma Landan ko New York, kafin ya haɗa kayansa saƙonni sun cika masa ɗaki. Wannan ta aiko da kuka da daddawa a kai wa 'yarta mai jego, wancan ya kawo kilishin Agadasawa a miƙa wa ƙanensa ɗalibi, wata kuma ta daskarar da fura a firiza tun jiya. Akwati biyu ne, kowanne kilo 23, amma tufafin matafiyin da ƙyar suke samun rabin guda. Abin takaicin shi ne, wani kaso na wannan tsaraba a kwandon kwastan yake ƙarewa, kuma mafi tsadarta ce ke fara tafiya.

Adana guzuri tsohuwar sana'armu ce. Fataken Gwanja da alhazan ƙasa da suka ratsa Chadi da Sudan da busasshen abinci suka yi wata da watanni a hanya. Kilishi da dambun nama ba sa tsoron tafiyar jirgi ta yini guda. Doka ce ta tare su.

Shafin gwamnatin Birtaniya kan shigo da abinci bai bar wata ƙofa ba: mai zuwa daga Najeriya ko Nijar ko Gana ba zai shiga da nama ko abin da aka yi da nama ba, haka ma madara da danginta. Bai ware busasshe daga ɗanye ba. Ke nan kilishi da dambu da soyayyen naman layya da man shanu da cuku duk hukuncinsu ɗaya. Shafin ya yarda da kifi har kilo 20, busasshe ko banda, da zuma har kilo 2. Dokar Tarayyar Turai ma haka take, kuma tun Disambar 2019 ta ƙara da cewa ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, in ban da 'yan kaɗan irin su dabino da ayaba da abarba da kwakwa.

Mutanenmu da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin wulaƙanci ga baƙar fata. Ba na ganin laifin wanda aka zubar masa da naman da mahaifiyarsa ta kwana tana soyawa in ya ji haka. Sai dai Turawan suna da tabonsu. A 2001 cutar baki da kofato ta sa Birtaniya ta hallaka dabbobi sama da miliyan 6, kuma ƙwayar cutar tana iya rayuwa a naman da aka busar ko aka daskarar. Tun Afrilun 2025 ma Birtaniya ta hana matafiya shigo da nama da madara daga maƙwabtanta na Tarayyar Turai.

A Amurka ma'aikatar noma ce ke tsara dokar, kwastan na aiwatarwa, har da karnukan da aka horar su shinshino abinci a jaka. Nama daga ƙasashenmu haramun ne a can. Man shanu kuwa, wanda Landan ta ƙi, ƙa'idar Amurka ta yarda da shi. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne shinkafar tuwo: tun 2011 aka hana matafiya daga Najeriya da Nijar da Sudan da wasu ƙasashe shiga da shinkafa, saboda wani ƙwaron rumbu da ake kira Khapra. Hukumar kwastan ta faɗi a fili cewa wanda ya bayyana abin da ya ɗauko ba a cin sa tara ko da an karɓe kayan, amma wanda ya ɓoye tararsa tana iya kai dala 10,000. A nan ne matafiyanmu suka fi faɗawa, domin wani ƙullin amana ne ake ba mutum a bakin filin jirgi, bai ma san abin da ke ciki ba.

Abinci mai ƙanƙara kuma nasa ciwon kan daban ne. Daga Kano sai an ya da zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, kuma kafin a kai gida an ci yini, wani lokacin har da kwana. Fura ta narke ta yi tsami, miya ta tsiyaye cikin shadda. Ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ba fasinja damar ɗaukar busasshiyar ƙanƙara har kilo 2.5, da izinin kamfanin jirgin, a mazubin da iska ke iya fita, a kuma rubuta a jikinsa. Ba abin da ake saye a kantin unguwa ba ne. A jakar hannu kuwa, tun 2006 galibin filayen jirgi ba sa barin abu mai ruwa ya wuce mililita 100.

Masu zuwa Saudiyya su kuma goro ne tarkonsu, kuma duk shekara Hukumar Alhazai ta NAHCON sai ta ja kunnen maniyyata a kansa.

Inda nake ganin gazawarmu shi ne a gida. Najeriya tana da hukumar NAQS, wadda ke duba kayan gona ta ba su takardar fita, kuma tana da jami'ai a manyan filayen jirgi. Amma tsohuwar da ke ƙulla zogale a Fagge ko Zangon Kataf wa ya taɓa yi mata bayani da Hausa? Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, ga kilishin Kano da Madawa da ya yi suna ko'ina amma har yau ba shi da hanyar shiga kasuwar Turai ta halal.

'Yan'uwanmu na can ba su zauna jira ba. A Bronx da Peckham akwai masu tsire da kilishi da ke sayen naman halal a wurin, su haɗa shi da yajin da aka kawo daga gida, domin busasshen kayan yaji galibi yana wucewa in an bayyana shi.

Don haka, mai karatu, in za ka ba wani saƙo, buɗe masa ya gani, ka bar nama da nono a gida. In kai ne matafiyin, duba dokar ƙasar da za ka sauka tun kafin ka karɓa, kuma in jami'i ya tambaye ka ko kana ɗauke da abinci, ka ce masa e.