Bangon Na Mai Gida Ne, Amma Mu Ke Kwana A Ɗakin

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Nima ko Maamobi ya san cewa ranar da aka miƙa masa makulli, ran nan ne aljihunsa ya fi bushewa. Dokar Haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida a gaba, amma a nan Ankara kowa ya san adibas na shekara ɗaya ko biyu ake nema, ga kuma ladan dillali. Mutum ya tattara ɗan abin da ya rage ya shiga, sai ya tarar da bango huɗu sun yi masa ƙuri: nan tabon hayaƙi, can ramin ƙusar wanda ya tashi, ƙasan bangon kuwa duk ya kumbura yana zuba kamar gari.

Jama'armu kashi biyu suke a kan wannan. Akwai masu cewa ai gidan wani ne, ba za su kashe masa ko sisi ba, har su shekara goma suna haihuwa suna aurarwa a cikin ɗakin da ko baƙo ba sa son ya leƙa. Akwai kuma waɗanda ke cin bashi su sa tayil, su yi silin, su shafa fenti mai tsada, adibas na ƙarewa mai gida ya leƙo ya ga ɗakinsa ya zama amarya, ya ƙara kuɗi. In ba za ka iya ba, ga wani a bakin ƙofa. Mu a ganinmu hanya tana tsakani: abin da zai manne a jikin bango a kashe masa kaɗan, abin da za a iya naɗewa a tafi da shi a kashe masa abin da ya samu.

Kafin a taɓa bango, a fara da bakin mai gida. A gaishe shi, a faɗa masa abin da ake nufin yi, in da hali a gaban wani dattijon gidan. In aikin babba ne, kamar yaɓen siminti ko toshe yoyo, wannan gyaran gida ne, a nemi a cire daga kuɗin haya, a kuma rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Ranar da magana ta kai ofishin Rent Control, takarda ake tambaya.

Sai maganar laima, wadda ita ce babbar cutar bangayenmu. Yawancin gidajen haya na zango tsofaffi ne, wasu na daf da kwata, ruwa kuma yana hawowa daga ƙasa ta cikin bulo, ya bar wani farin gishiri a fuskar bango. Wanda ya shafa fentin mai a kan irin wannan bango ya kulle ruwan ne a ciki, kafin damina ta biyu fentin ya yi bororo ya ɓare. Farar ƙasa, wadda wasu ke rainawa suna cewa ta talaka ce, ita ta fi dacewa, domin tana barin bango ya yi numfashi, ba ta kuma barin fumfuna ta zauna da wuri. A goge bangon, a yayyafa masa ruwa, a dama farar ƙasar da ruwa-ruwa, a zuba ɗan gishiri da ɗan bular wanki don fari ya fito. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. A kiyaye ido da hannu, tana ƙuna. Lokacin aikin kuwa hunturu ne, Disamba da Janairu, ba watan Yuni ba da sama ke buɗe. Wani abu kuma: wasu tsofaffin fentin mai suna da dalma a ciki, ƙurarsu guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. In za a kankare, a jiƙa tukuna, a fitar da yara waje, a share da tsumma mai ruwa.

To, bango ya yi fari. Me za a sa masa? A nan ba mu da bukatar aron dabara daga kowa. Magina a Zariya da Kano suna zana dagi a fuskar soro, amma wannan ado ne na mai gidan kansa. Adon cikin ɗaki kuwa, wanda iyayenmu mata suka zo da shi har bakin teku, jere ne: tasoshi da langa da kumbo da fai-fai, an tsara su hawa-hawa, babba a ƙasa ƙarami a sama. Mace ba ta mallaki bangon gidan miji ba, amma jerenta nata ne, ko'ina ta nufa yana biye da ita, ranar matsi kuma ta cire ɗaya ta sayar. Ɗan haya ma haka ya kamata ya ɗauki adonsa.

Dabarar da muka ga ta fi sauƙi ita ce katako ɗaya. A je Timber Market a sayi siririn katako mai tsawon bangon, kafinta ya goge shi, a kafa shi da ƙusa biyu ko uku sama da kan mutum. Duk abin da za a rataya, a jikin katakon za a buga masa ƙusa. Agogo, kalanda, madubi, dardumar da alhaji ya kawo tsaraba mai hoton Ka'aba, duk a layi ɗaya. Ranar tashi a cire katako, a toshe ramuka uku, ba mai riƙe maka kuɗin gyara.

Abin ratayawa ba ya wuya. Fai-fai biyar ko bakwai masu launi daban-daban, ko mafitai da kwandunan Bolga, sun isa su raya bango guda. Yadi biyu na atamfa, ko ragowar yanka daga wurin tela a haɗa a ɗinke baki, zai rufe bangon da ya fi muni, kuma ana cire shi a wanke. Labule na gwanjo akwai shi a Kantamanto, wadda 'yan kasuwarta suka sake kafa rumfunansu bayan gobarar Janairun 2025. Madubi a sa shi daura da taga, ɗakin da taga ɗaya gare shi sai ya zama kamar mai biyu. Allon zayyana na yaron da ya sauke ya fi kowane hoton kanti daraja, sai dai shi da duk takardar da ke da ayoyi a ɗaga su sama, kada su kasance inda ƙafa ke miƙewa. Roƙonmu ɗaya ga 'yan'uwa: kalandar da shekararta ta wuce a sauke ta. Mun shiga ɗakin da kalanda shida ke rataye, ba wadda za ta faɗa maka yau nawa ga wata.

A Old Fadama lissafin ya bambanta, domin can yawancin ɗakuna na katako ne. Unguwar ta cika ne musamman bayan rikicin Konkomba da Nanumba na 1994, kuma a Yunin 2015, bayan ambaliyar ranar 3 ga wata, hukumar birni ta rushe gidaje masu yawa a gefen kogin Odaw. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai an koya masa amfanin kayan da ake naɗewa ba. Abin da ke damunmu can shi ne liƙe bango da jarida da kwali da leda don toshe iska. Kokon rogo da ake liƙawa da shi abincin kyankyaso ne, bayan takardar kuma gidan kuɗin cizo. Mafi muni, ɗaki ne na katako da aka yi wa rigar takarda, ga kyandir, ga maganin sauro na kunnawa, ga wayar lantarki tsirara, a unguwar da gobara ta sha cinyewa. Gara a toshe tsagar da siraran katako, a shafa farar ƙasa a kan allunan, tana kama katako. Zane ko tabarma in za a rataya, a nisanta su daga murhu da soket, kada kuma a ɓoye waya a bayansu.

Saura yara, waɗanda su ne manyan masu zanen bangon haya, da gawayi da biro. Duka ba ya hana su, mu da ke wuni da su a aji mun sani. A samo ɓallin filawud, a shafa masa baƙin fenti irin na allon makaranta, a jingina shi a lungu ɗaya daidai tsayinsu, a ajiye alli kusa. Yaro ya yi jinga a kai, ya yi zanensa, bangon mai gida ya huta. Wanda aka ga hannunsa ya faɗa, a kai shi ya ga aikin matasan ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art da na Moh Awudu a bangayen unguwa, ya san cewa 'ya'yan zango ne suka yi, kuma sana'a ce da ake ci da ita.