Filin Golf Da Tsufa Yake Kyau

Yau filin wasan golf za mu leƙa.

Filin ƙwallon ƙafa da an shata layi an kafa raga, an gama. Na golf kuwa, ranar da aka buɗe shi ya fi rauni. Ciyawa ba ta kama ƙasa ba, ruwan sama na kwanciya inda ba a so, itatuwa ko ƙugun mutum ba su kai ba. Sai saiwa ta nutse, ƙasa ta zauna, sannan ƙwallo ke gangarawa sumul zuwa rami.

Mu je St Andrews a Sukotland, inda ake buga golf tun ƙarni na 15. Da ramuka 22 ake zagayawa, sai a 1764 aka mayar da su 18, duniya kuma ta bi sahu. Daga baya wani dattijo, Old Tom Morris, ya shafe kusan shekara arba'in yana kula da filin. Sirrinsa yashi ne. Yakan barbaɗa shi a kan ciyawar da ke kewaye da rami, a share shi ya shige tsakanin ganye, ruwa ya riƙa tsanewa, wurin ya daidaita. Har gobe masu kula da filaye haka suke yi.

To amma fa shekaru ba gyara kaɗai suke kawowa ba. A filin Augusta na Amurka, wanda aka buɗe a 1933, akwai wata bishiya a rami na 17 da ta addabi Shugaba Eisenhower, ƙwallonsa kullum sai ta ci karo da ita. A 1956 ya nemi a sare ta, aka ƙi, duk da shugabancinsa. Sai a 2014 ƙanƙara ta kakkarya ta, aka cire. A filin golf na Oakmont kuwa, itatuwan da aka dasa don ado ne suka girma suka tare rana da iska, ciyawa ta soma lalacewa, ala tilas aka sare dubbai.

A ganina, yabon da ake yi wa tsohon fili na ma'aikatan da ke fitowa da asuba da injin yankan ciyawa ne.