Daga Ajin SS1 Zuwa Ɗakin Bincike: Hanyar Tana Farawa Yanzu

Idan muka tambayi ɗalibai abin da suke so su zama, amsar ba ta wuce likita ko injiniya. Da wuya mu ji wanda ya ce mai bincike. Alhali kuwa akwai guraben da ake ɗaukar nauyin mutum, a biya masa kuɗin karatu, a ba shi na kashewa da na kayan aiki, don kawai ya zauna ya gano amsar wata tambaya.

Tambayoyin kuma suna nan a ƙofar gidanmu. A Dutse akwai tashar binciken dabino ta hukumar NIFOR. Dabino yana da namiji da mace, macen ce ke 'ya'ya, amma wanda ya shuka ƙwallo sai ya jira shekaru kafin ya san abin da ya samu. Rage wa manomi wannan jira aikin masanin kimiyya ne. A babban asibitin Jahun, ƙungiyar likitoci ta MSF tana yi wa mata masu yoyon fitsari aiki tun 2008. Gano hanyar kare su tun kafin naƙuda ta tsananta aikin likita mai bincike ne. Ambaliyar Kogin Haɗeja da ke cinye gonaki a Ringim da Auyo kuwa tana jiran injiniyoyin ruwa.

Wurin farawa ba shi da nisa. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da kimiyya da likitanci, kuma asibitin Rasheed Shekoni ne asibitin koyarwarta. Ga kuma Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa.

To, wa ke ba da kuɗin? Asusun TETFund yana tallafa wa malaman manyan makarantun gwamnati su yi digiri na biyu da na uku, su kuma gudanar da bincike. PTDF tana ɗaukar nauyin masu karatun injiniya da kimiyyar da ta shafi man fetur da makamashi. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth kuma tana kai ɗalibai Birtaniya. Galibi ana neman digiri mai daraja ta ɗaya, ko babban mataki na daraja ta biyu, tare da rubutaccen tsarin binciken da mutum zai yi.

A nan ne maganar ta dawo kanku. Wannan daraja ba a shekarar ƙarshe ake samunta ba. Tushenta lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji na SS1. Ku riƙe Turanci da kyau, domin da shi za ku rubuta tsarin binciken. Ku matsa a yi gwaji da hannunku a ɗakin kimiyya, ku ajiye littafin rubuta abin da kuka gani. 'Yan mata, guraben nan har da ku.

Ku yi hattara kuma: ba a sayen gurbin tallafi. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku, ku kai maganar wurin malaminku tukuna.

Da sanyin safiya ake kama fara. A wannan makon, kowa ya rubuta tambaya ɗaya game da garinsu, ya kai wa malamin kimiyya.