Amfilifaya Mai Araha Da Mai Tsada: Wace Ce Ta Dace Da Masallatai Da Tarukan Karkara?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, a zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya fara gangarowa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, sai manomin wannan yanki ya zama mai girbi da rani da damina. Shinkafa da alkama da tumatir suka kawo kuɗi, garuruwa suka faɗaɗa, har muryar ladan ta daina kaiwa ƙarshen unguwa. Wannan ne ya sa bayan girbi akan ga jama'a sun yi karo-karo, sun wakilta mutum biyu ko uku su tafi kasuwar Sabon Gari ta Kano su sayo amsa-kuwwa. A can ne gardama kan tashi, domin ɗan kasuwa zai ajiye musu amfilifaya biyu masu kama da juna, kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau da yawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana inda bambancin kuɗin nan yake da tushe, da kuma inda ba shi da shi.

Abin da ake kira amfilifaya, a haƙiƙa, sassa biyu ne cikin akwati guda. Makirufo yana mai da murya ta zama ɗan lantarki mai rauni ainun, wanda bai wuce 'yan ɓangarori kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya ba. Sashen farko, wanda za a iya kiransa sashen share fage, shi ne yake ɗaga wannan ɗan lantarki sau ɗari ko ma sau dubu, har ya kai kusan bolt ɗaya. Sa'an nan sashe na biyu, watau sashen ƙarfi, ya karɓa ya ba shi ƙarfin da zai girgiza lasifika. Duk wata ƙara ko shuu da ta shiga a sashen farko, za a ɗaga ta tare da muryar, ba kuwa abin da zai fitar da ita daga baya. Saboda haka ne masu sayar da kaya masu tsada suke dogara da wannan sashe wajen kare farashinsu.

A da, hujjar tasu tana da ƙarfi. Kafin a ƙago tiransista a Amurka a shekarar 1947, kwalaben lantarki masu zafi da cin wuta ne suke wannan aiki, ƙera mai kyau kuwa sai da kuɗi. Amma daga baya an iya cusa tiransistoci masu yawa cikin ɗan ƙwaya da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Alal misali, akwai ƙwayar da ake kira NE5532, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1970, aka yi amfani da ita a manyan ɗakunan ɗaukar sauti na duniya. Yau ga ta nan tana cikin mafi arahar abubuwan da ke cikin akwatin, kuma ana samun ta ko ire-irenta a mai araha da mai tsada baki ɗaya. Har wa yau, a shekarar 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi, inda aka daidaita ƙarar amfilifayoyi masu araha da masu tsada, aka ɓoye wa masu sauraro wadda ke aiki. Masu sauraron suka kasa rarrabe su a kai a kai. To, in haka ta faru a ɗaki shiru, ina ga lasifikar ƙarfe mai siffar ƙaho da aka ɗaure a kan hasumiya, wadda tun asali ba ta fitar da sauti mai kauri ƙwarai ko siriri ƙwarai, an yi ta ne kawai domin ta kai magana nesa?

Sai dai mai karatu kada ya ɗauka cewa duk kanwar ja ce. Bambanci yana nan, amma ba a daɗin murya ya fi bayyana ba, a ƙarko ne. Kamfanonin da suka daɗe a wannan sana'a, irin su TOA na Japan da Ahuja na Indiya, ba don wata ƙwaya ta asiri kayansu suka yi suna ba. Kuɗin yana tafiya ne ga taransifoma mai nauyi, da farantin alminiyum mai faɗi da ke zuƙe zafi, da maɓallan ƙara da ba su saurin cinyewa, da kuma kariyar da ke kashe na'urar kafin ta ƙone. Waɗannan kuwa su ne ainihin abin da yankin Kura da Bunkure yake bukata. Da bazara zafi yakan haura digiri 40. Da hunturu ƙura takan shiga maɓallai, sai a ji ƙarar kakkaɓi duk sa'ad da aka murɗa su. Wutar da ya kamata ta tsaya a bolt 230 takan yi ƙasa ko ta yi sama, balle in ƙaramin janareto ne yake ba da ita. A irin wannan hali mai arahar da aka rage mata ƙarfe ita ce take fara mutuwa, galibi kuwa sashen ƙarfi ne ke ƙonewa, ba na share fage ba.

Akwai kuma yaudarar lambobi. Akan ga kwali an rubuta masa wat dubu kaza da manyan baƙaƙe, tare da haruffan PMPO. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida tsayayya, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Awon da ake iya dogara da shi shi ne wanda ke ɗauke da haruffan RMS, wanda ke nuna ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa ba yankewa.

Abin takaici shi ne, da yawa daga cikin laifuffukan da ake ɗora wa amfilifaya mai araha ba nata ba ne. Kukan nan mai tsinin da ke tashi ana tsakiyar huɗuba yana faruwa ne sa'ad da makirufo ya ji muryar lasifika, ya mayar da ita ciki, ta yi ta zagayawa. Maganinsa a matsar da lasifika gaba, ta ba makirufo baya. Gurnanin da ke ƙasa-ƙasa kuwa sau da yawa doguwar wayar makirufo ce marar rufi mai kyau ta kwaso shi daga wayoyin wuta. Ƙonewa ma takan zo daga haɗa lasifikoki barkatai. In aka jona biyu masu om 8 kafaɗa da kafaɗa, sun koma om 4. In huɗu ne, om 2, abin da amfilifayoyi da yawa ba su iya ɗauka, kome tsadarsu.

Wanda zai ɗauki waƙa a sutudiyo a birnin Kano, ko gidan rediyo, yana da dalilin biyan kuɗi mai yawa a kan sashen share fage, domin zai ɗaga murya mai laushi ƙwarai, za a kuma saurare ta kusa da kunne. Masallacin unguwa a Bunkure, ko mai hayar kayan sauti ga bukukuwa a Kura, buƙatarsa daban ce. Matsakaiciyar amfilifaya mai nauyi a hannu, wadda ke karɓar batir mai bolt 12 in wuta ta ɗauke, wadda kuma mai gyaran rediyo na gari ya san cikinta yana samun kayan gyaranta, ta ishe shi. Rarar kuɗin sai ta tafi ga makirufo mai kyau, da waya mai rufi, da sitabilaiza, da ɗan akwatin katako mai kafofin iska da za a ɗora na'urar a ciki, nesa da ƙasa da kuma taga.