Ƙafar Baya ta Motar Jif: Yadda Take Aiki da Yadda Take Karyewa

Idan aka ce "jif" a bakin direbobi da makanikai, ana nufin irin manyan motocin nan masu tsayi da faɗin ciki, waɗanda aka ƙera don su bi kwalta su kuma bi burji, kamar Toyota Prado da RAV4 da Honda CR-V da Ford Explorer. Mai sayen irin wannan mota yakan buɗe gaba ya saurari inji, ya duba fenti da kujeru, ya kunna na'urar sanyi, amma ba kasafai yake durƙusawa ya leƙa ƙarƙashinta ta baya ba. Alhali kuwa can ne ake samun wasu ƙarafuna waɗanda kaurinsu bai wuce na babban yatsa ba, kuma a kansu ne rayukan mutanen da ke cikin motar suka rataya.

Abin da makanikai ke kira "ƙafar mota" tarin sassa ne da suke haɗa taya da gangar jikin mota. Akwai sifirin, wanda ke ɗaukar nauyi ya kuma lanƙwashe idan taya ta faɗa rami. Akwai shokabzoba, wadda aikinta shi ne ta kashe rawar da sifirin ke yi bayan ya lanƙwashe, ta hanyar tilasta wa wani mai ya bi ta ƙananan ramuka a cikinta. Sai hannuwan ƙarfe da suke riƙe tayar kada ta kauce daga matsayinta, a ƙarshen kowane hannu kuma akwai bushin roba ko gaɓa mai ƙwallo. Ɗalibin da ya karanta ilimin halittu zai ga kama nan take. Gaɓa mai ƙwallo irin gaɓar ƙugun mutum ce, inda kan ƙashin cinya yake juyawa a cikin ƙoƙonsa. Bushi shi ne guringuntsi, giris kuma shi ne ruwan gaɓa da ke hana ƙashi gugar ƙashi.

Tsarin ƙafar baya iri biyu ne. A tsari na farko, tayoyin biyu suna maƙale a ƙarshen wani bututun ƙarfe guda ɗaya mai ƙarfi, wato aksil, kamar yadda ake gani a Land Cruiser da Prado da motocin ɗaukar kaya. Wannan yana jure nauyi da muguwar hanya, sassansa kaɗan ne, gyaransa kuma ba wuya. Aibinsa shi ne duk abin da taya ɗaya ta taka sai ɗayar ta ji shi. A tsari na biyu kowace taya tana da hannuwanta, uku ko huɗu ko biyar, tana hawa da sauka ita kaɗai. Wannan ya fi daɗin zama, ya kuma fi riƙe kwalta, shi ya sa kamfanin Ford ya koma gare shi a ƙirar Explorer ta 2002. Sai dai kowane hannu da aka ƙara, an ƙara bushi da noti da gaɓa, wato an ƙara wuraren da za su iya lalacewa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa aka damu da baya alhali gaba ne ke da sitiyari? Amsar ita ce tayoyin baya su ne suke tsayar da mota a kan miƙaƙƙen layi, kamar yadda jelar jirgin sama take hana shi juyawa a cikin iska. Idan tayar gaba ta kauce, direba yana da sitiyari a hannunsa, yana iya ƙoƙarin gyarawa. Idan ta baya ce ta kauce, ba shi da abin da zai juya ta da shi. Gindin motar zai zame gefe, motar ta gicciya a kan titi, kuma a nan ne tsayin jif yake zama bala'i.

Injiniyoyi suna da wani lissafi mai sauƙi da ɗan aji huɗu na sakandare zai iya yi. A auna tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba ta da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin motar daga ƙasa. Alal misali, ƙaramar mota mai tazarar mita 1.5 da cibiyar nauyi a mita 0.55 za ta ba da 1.36. Jif mai wannan tazarar, amma cibiyar nauyinta tana mita 0.70, za ta ba da 1.07. Gwargwadon ƙanƙantar wannan adadi, gwargwadon sauƙin kifewar mota idan ta zame a gicciye ta ci karo da gefen titi ko yashi. Hukumar kiyaye haɗurra a manyan hanyoyin Amurka, NHTSA, da wannan lissafi ta fara ba motoci maki kan haɗarin kifewa a 2001. Wanda ya ɗaure buhuna a saman rufin jif ya ɗaga cibiyar nauyinta da hannunsa, ya rage wannan adadi.

Daga cikin hannuwan ƙafar baya akwai ɗaya da ya fi kowanne shan suna a tarihin gyaran motoci na 'yan shekarun nan. Shi ne siririn hannun da ke saita fuskar taya, wato ya sa ta kalli gaba sak, kada ta karkata ciki ko waje. Karkata ƙanƙanuwa ba ƙaramin abu ba ce. Taya da ta kauce da digiri ɗaya tak ana jan ta a gicciye kimanin mita 17 a cikin kowace kilomita, shi ya sa take cinyewa ta gefe ɗaya tun ba ta tsufa ba. To, balle a ce hannun ya karye ɗungurungum mota tana gudun kilomita 100 a awa.

A watan Yunin 2019 kamfanin Ford ya kira motocin Explorer kimanin miliyan 1.2, ƙirar 2011 zuwa 2017, su dawo don a sauya musu wannan hannu. Bayanin kamfanin shi ne, motar da ƙafarta ta baya take yawan matsewa da miƙewa har iyakarta, hannun yana iya tsagewa ya karye. A watan Yulin 2021 aka sake kiran kimanin 775,000, ƙirar 2013 zuwa 2017, a wannan karon saboda wata gaɓa mai ƙwallo da take ƙagewa. Gaɓar da ta daina juyawa ba ta hana mota motsi. Sai dai lanƙwasar da ya kamata ta sha, hannun ƙarfen ne yake shan ta. Haka mutumin da gwiwarsa ta sandare yake ɗora wa ƙugunsa da bayansa aikin da ba nasu ba.

Abin da ke karya irin wannan ƙarfe ana kiransa gajiyar ƙarfe. Kowa na iya gwada shi da ɗan guntun waya: ja ɗaya ba ya tsinka ta, amma idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, sai ta yi zafi ta karye. Nauyin da bai kai ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba yana iya karya shi idan aka maimaita sau dubbai ko miliyoyi. Tsaguwar tana farawa a wuri ɗan mitsitsi, a gindin zaren noti, ko a bakin walda, ko a wani ɗan rami da tsatsa ta ci, sai ta yi ta rarrafe ciki a hankali, ba a gani ba a ji, har abin da ya rage na ƙarfen ya kasa ɗaukar nauyi. Abin sha'awa shi ne, aksil yana cikin abubuwan farko da aka yi nazarin wannan ilimi a kansu. A watan Mayun 1842 aksil ɗin wani jirgin ƙasa da ya taso daga Versailles zuwa Paris ya karye, mutane da yawa suka mutu. Daga baya wani injiniyan jiragen ƙasa na Jamus mai suna August Wöhler ya yi shekaru yana juya sandunan aksil a na'ura yana ƙirga juyin da kowanne ya yi kafin ya karye, ya kammala bayyana sakamakonsa a wajejen 1870. Ƙashin mutum ma yana yin irin wannan tsaguwa, ana ganinta a ƙafafun sababbin sojoji da 'yan tseren dogon zango. Bambancin shi ne ƙashi abu ne mai rai, ƙwayoyinsa suna ɗinke tsaguwar idan an huta. Ƙarfe ko shekara ya yi a ajiye, tsaguwarsa tana nan inda ta tsaya.

Abokin aikin gajiya shi ne tsatsa. Ƙarfe yana tsatsa idan ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, gishiri kuma yana hanzarta wannan haɗuwa, domin ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ba lantarki hanyar wucewa. A jihohin arewacin Amurka, irin su Michigan da Ohio da New York, da kuma Kanada, ana watsa gishiri a kan tituna lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara. Tayoyi suna fesa wannan ruwa a ƙarƙashin mota, ya shiga lungu ya kwanta tare da laka. A 2023 kamfanin Honda ya kira motocin CR-V kimanin 564,000, ƙirar 2007 zuwa 2011, a irin waɗannan jihohi, saboda ruwan gishiri yana shiga cikin ƙarfen gangar motar ta baya ya ci shi daga ciki, har wurin da hannun taya yake maƙale ya iya ɓallewa.

Nan ne maganar ta shafi mai sayen tokumbo, domin jif da yawa da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano daga Amurka da Kanada suke. Motar da ta yi hunturu goma a kan gishiri ba ta warkewa don ta zo ƙasar rana, kuma baƙin fenti da aka fesa a ƙarƙashinta rufe tsatsa yake yi kawai. Kowace mota da aka sayar a Amurka tun daga 1981 tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba a gefen direba. Duk mai waya yana iya rubuta wannan lamba a shafin intanet na NHTSA, kyauta, ya ga ko akwai gyaran kira da ba a yi wa motar ba. Abin mamaki ne a ga mutum zai biya miliyoyin naira bai yi wannan binciken na minti biyu ba.

Ba kullum ne laifin yake daga masana'anta kaɗai ba. A 2012 Toyota ta kira RAV4 kimanin 760,000 a Amurka, ƙirar 2006 zuwa 2011, saboda idan aka yi wa tayoyin baya alaimen ba a ɗaure notunan hannun da ƙarfin da aka ƙayyade ba, zaren yana samun wasa, tsatsa ta shiga, hannun ya rabu biyu. Sai da aka sake kiran wasu daga cikin motocin a 2013 da 2016 kafin maganar ta kwanta. Ɗaurin noti yana da awo, akwai kuma sifana ta musamman da ke auna shi. Makaniken da ke ɗaurewa da ƙiyasin damtsensa, ko ya hau kan sifana da ƙafa, ko dai ya bar notin da sauran sassauci ko ya ja shi har ya raunana.

Aksil kansa yana da nasa ciwon. A tsakiyarsa akwai wani kumburi kamar tulu, cikinsa akwai giyoyi masu rarraba juyi, waɗanda suke karɓar ƙarfi daga furofela su ba tayoyin biyu damar juyawa da gudu daban-daban. Bukatar hakan a fili take: idan mota mai tazarar mita 1.6 ta yi cikakken zagaye, tayar waje tana yin tafiyar da ta fi ta ciki da kusan mita 10. Haƙoran waɗannan giyoyi suna gugar juna da matsi mai tsanani, man giya mai kauri ne kawai yake raba su. A saman aksil akwai ɗan ramin numfashi. Idan aka shigar da aksil mai zafi cikin ruwa mai zurfi, kamar yadda direbobi ke yi da damina, iskar cikinsa tana sanyi ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa. Man da ruwa ya shiga yana komawa fari-fari kamar an dama shi da madara, daga nan boris da haƙora su fara cinyewa. Tayoyi masu girma daban a aksil ɗaya su ma suna sa giyoyin yin aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Har sababbin motoci ba su tsira ba. A 2022 Ford ya kira Explorer fiye da 250,000, ƙirar 2020 zuwa 2022, saboda wata kusa mai zare da ke riƙe akwatin giyar baya tana karyewa. Idan ta karye furofela na iya rabuwa, motar ta rasa ƙarfin tafiya, ko ta gangara da kanta bayan an ajiye ta. Da farko manhajar kwamfutar motar aka sauya don ta riƙa kama birkin ajiya da kanta. A 2023 aka sake kiran motocin don a sauya kusar da bushinta.

Kafin ƙafar baya ta karye takan yi magana, ko da yake ba kullum ba. Kuka mai tsawo da ke ƙaruwa da gudu, yana sauya murya idan an taka totur ko an sake shi, daga giyoyin aksil yake. Gurnani da ke ƙaruwa idan mota ta karkata gefe ɗaya a kwana, yawanci boris ɗin taya ne. Ƙarar "ƙwas" a kan rami ko wajen tashi tana nuna bushi ya mutu ko noti ya saki. Jiƙewar mai a jikin shokabzoba ko a bayan wili alama ce ta yoyo, kuma man aksil da ya kai ga birki yana rage kamunsa. Mafi muni duka shi ne direba ya ji gindin motar yana lilo, ko ya ga sitiyari ya karkace alhali mota tana tafiya sak. Wannan motar wurinta gefen titi, a ɗauke ta zuwa gareji. A can kuma hannun da ya tsage ko ya lanƙwashe sauya shi ake yi, domin zafin walda yana sauya taurin ƙarfen, bakin waldar kuma shi ne wurin da sabuwar tsaguwa za ta fara.